Binciken Ɗalibai Kan Harkar Banki Ta Intanet: Daga Ina Ya Kamata A Fara?

A duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan, malaman sassan nazarin tattalin arziki da harkokin banki da akanta sukan rarraba wa ɗalibansu batutuwan da za su yi rubutu a kansu kafin ƙarshen zango. A 'yan shekarun nan da wuya a duba jerin irin waɗannan batutuwa ba a tarar da harkar banki ta intanet a ciki ba. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin babu wani sauyi a harkar kuɗi da ya shiga rayuwar ɗan kasuwa da ma'aikaci da manomi cikin gaggawa kamar tura kuɗi ta waya.

Abin takaici shi ne irin takardun da ake miƙa wa malaman a ƙarshen zangon. Galibinsu sukan buɗe da ma'anar kalmar banki, su bi da tarihin yadda abin ya faro a Amurka, su jero amfani biyar da illa biyar, sa'annan su rufe da kira ga gwamnati ta gyara wutar lantarki ta kuma wayar da kan jama'a. Idan aka cire sunan ɗalibi da lambarsa daga bango, ba za a iya bambanta takardar da aka rubuta a Legas da wadda aka rubuta a Maiduguri ba, haka nan ba za a gane ta shekarar 2015 daga ta bana ba.

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ɓarnar irin wannan takarda a makon farko take aukuwa, lokacin da ɗalibi ya tafi neman abin da zai kwafa tun bai tsayar da abin da yake son ya sani ba. Hanyar da ta dace ita ce ya fara da tambaya guda ɗaya, ƙarama, wadda ta shafi mutanen da yake iya gani da idonsa, wadda kuma za a iya amsa ta da alƙaluman da ke akwai cikin makonnin da aka ba shi.

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa shafin kasuwanci da aikin aji. Amsar ita ce, waɗannan ɗalibai su ne gobe za su zauna a sassan bincike na bankuna da Babban Bankin Nijeriya da ma'aikatun kuɗi na jihohi. Wanda ya saba da rubuta abin da bai bincika ba yana ɗalibi, shi ne zai tsara manufar da ba ta dace da kasuwa ba idan ya zama darekta. Jama'ar ƙasar nan kuwa sun ɗanɗana kuɗar irin wannan manufa a farkon shekarar 2023.

Fayyace abin da ake magana a kai

Matakin farko shi ne ɗalibi ya tantance abin da yake nufi da banki ta intanet, domin a Nijeriya wannan suna ya ƙunshi abubuwa da dama waɗanda ba ɗaya suke ba. Akwai shafin banki da ake buɗewa a kwamfuta, wanda galibi kamfanoni da ofisoshi ke amfani da shi. Akwai manhajar banki da ke cikin babbar waya. Akwai lambobin USSD da ake dannawa a kowace irin waya, waɗanda ba sa ma bukatar intanet. Akwai na'urar POS da ke hannun wakilai a bakin titi da ƙofar kasuwa, ga kuma na'urar ATM. Kowace daga cikinsu da irin mutanenta, da kuɗin da ake caja, da irin matsalar da take bayarwa. Takardar da ta haɗa su duka a tukunya ɗaya ba za ta iya faɗin wani abu mai ma'ana game da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tsarin ita ce ɗalibi ya bi sawun kuɗi guda ɗaya daga farko har ƙarshe. A ɗauki misalin dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas da zai biya manomi a Kano. Da ya shigar da lambar asusu mai alƙaluma 10, bankinsa zai aika tambaya ta hanyar kamfanin NIBSS, wanda Babban Banki da bankunan kasuwanci suka mallaka tare, domin a tabbatar da sunan mai asusun. Idan ya amince ya sa lambar sirri, sai a cire kuɗin daga asusunsa, saƙo ya ratsa ta NIBSS zuwa bankin manomin, a zuba masa, daga baya kuma bankunan biyu su daidaita lissafi tsakaninsu ta asusunsu na Babban Banki. A kowace gaɓa ana iya samun tangarɗa, a kowace gaɓa kuma akwai mai karɓar lada. Ɗalibin da ya iya zana wannan tafiya a shafi guda ya riga ya fi wanda ya kwafo shafi goma na ma'anoni.

Tarihin gida kafin na waje

Gaskiya ne cewa a Amurka aka buɗe bankin farko da ke aiki ta intanet kawai, wato Security First Network Bank, a shekarar 1995. Layi ɗaya ya ishi wannan bayani. Tarihin da ɗalibi yake bukata shi ne na ƙasar nan, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa abubuwa suke yadda suke.

Idan ba a manta ba, bayan shirin gyaran tattalin arziki na shekarar 1986 bankuna sun yawaita har suka haura 100, sa'annan da yawa daga cikinsu suka durƙushe, inda a watan Janairun 1998 kaɗai aka soke lasisin guda 26. Tsoron ajiya a banki da ake gani wurin wasu dattawan 'yan kasuwa har yau yana da asali a wancan lokaci. An kafa NIBSS a 1993, ya fara aiki a 1994. Wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, kamfanin Interswitch ya biyo baya a 2002, sai Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin harkar banki ta na'ura a 2003. A 2004 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25, abin da ya rage yawan bankuna daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, ya kuma bar waɗanda suka tsira da ƙarfin sayen na'urori.

Daga nan sai abubuwa suka yi sauri. A 2011 NIBSS ya fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. A watan Janairun 2012, zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi, aka fara gwajin manufar rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, aka faɗaɗa ta a Yulin 2013 zuwa jihohin Kano, Ribas, Anambra, Abiya, Ogun da Babban Birnin Tarayya. A 2013 ɗin ne aka fitar da ƙa'idojin wakilan banki, waɗanda suka zama tushen sana'ar POS. Lambar BVN ta zo a Fabrairun 2014, dokar yaƙi da laifukan intanet a 2015, sai kuɗin eNaira a Oktoban 2021. Wannan jeri, idan ɗalibi ya tsara shi da kansa ya kuma san dalilin kowane mataki, ya ishe shi babin shimfiɗa.

Matse tambaya

Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Take irin su "Tasirin banki ta intanet ga tattalin arzikin Nijeriya" ya fi ƙarfin digirin digirgir, balle aikin zango ɗaya. Tambaya mai kyau tana da wuri, tana da lokaci, tana da rukunin mutane, kuma amsarta tana iya fitowa saɓanin abin da mai tambayar ya zata. Ƙasar nan cike take da irin waɗannan tambayoyi.

Babba daga cikinsu ita ce ta ƙarancin takardun kuɗi. A ranar 26 ga Oktoban 2022 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Mista Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, yana mai cewa daga cikin Naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Kafin ƙarshen Fabrairun 2023 kuɗin da ke yawo sun faɗi ƙasa da tiriliyan ɗaya, aka wayi gari ana sayen Naira da Naira a wurin masu POS. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda a ranar 3 ga Maris ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Ga mai nazarin tattalin arziki, waɗannan makonni gwaji ne da ba a saba samun irinsa ba, domin an tilasta wa miliyoyin mutane komawa ga waya a lokaci guda. Ɗalibi yana iya zaɓar kasuwa ɗaya, ko ta Bodija a Ibadan ko ta shanu a Agege, ya tambaya: cikin waɗanda suka fara karɓar kuɗi ta waya a lokacin, nawa ne suka ci gaba bayan tsaba ta dawo, kuma me ya bambanta su da waɗanda suka daina?

Ta biyu ita ce ta tsadar tura kuɗi ga mai ƙaramin ƙarfi. Jadawalin caji na Babban Banki da ya fara aiki a Janairun 2020 ya sa Naira 10 ga kuɗin da ba su wuce 5,000 ba, Naira 25 daga nan zuwa 50,000, sai Naira 50 ga abin da ya haura haka. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta tanadi harajin Naira 50 sau ɗaya a kan kowane kuɗin da aka tura daga Naira 10,000 zuwa sama. Bisa lissafin wancan lokaci, ban da harajin VAT, Naira 10,000 da lebura zai aika gida tana cin Naira 75 tsakanin mai turawa da mai karɓa, wato kwabo 75 a kowace Naira 100, alhali Naira miliyan ɗaya ta attajiri Naira 100 take ci, wato kwabo ɗaya a kowace Naira 100. Idan aka ƙara ladan mai POS a nan da can, da Naira 6.98 da aka ɗora wa masu amfani da USSD a Maris na 2021, tazarar sai ta ƙaru. Auna wannan tazara a unguwa ɗaya aiki ne da ɗalibi zai iya kammalawa cikin wata guda.

Ta uku ta shafi kuɗin da suka maƙale. A watan Yunin 2020 Babban Banki ya umarci bankuna su mayar da kuɗin da aka cire ta POS ba tare da ciniki ya kammala ba cikin sa'o'i 72. Kwana nawa ake ɗauka a zahiri? Mutum nawa ne suka san cewa idan banki bai warware ƙorafi cikin makonni biyu ba suna da damar kai shi sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki?

Akwai kuma tambayar abin da ke faruwa idan layi ya yanke, kamar yadda aka rufe hanyoyin sadarwa a Zamfara a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, ko lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma a Maris na 2024, har harkokin wasu bankuna suka tsaya cik. Sai kuma batun amana: a 2024 Hukumar Inshorar Ajiyar Banki ta Ƙasa, NDIC, ta ɗaga abin da take lamuncewa ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga Naira 500,000 zuwa miliyan 5, a ƙananan bankuna kuma daga 200,000 zuwa miliyan 2. Shin mai ajiya a manhajar waya ya san irin lasisin da kamfanin yake da shi, da kuma iyakar abin da za a biya shi idan ta ɓaci?

Karanta alƙaluma da lura

Bayan tsayar da tambaya sai neman hujja. Babban Banki yana wallafa kundin alƙalumansa na shekara-shekara da takardun umarninsa ga bankuna. NIBSS yana fitar da adadin hada-hada ta kowace hanya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana bayar da ma'aunin hauhawar farashi, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa tana da adadin layukan waya, cibiyar FITC tana fitar da rahoto kan damfara a bankuna, ƙungiyar EFInA kuma tun daga 2008 take gudanar da bincike kan yadda jama'a ke samun hidimar kuɗi. Waɗannan su ne tushe. Labarin jarida yana nuna wa ɗalibi inda alƙaluman suke, amma wajibi ne ya koma ga asalin rahoton ya gani da idonsa.

Samun alƙaluma bai kai karanta su wuya ba. Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa kuɗin da aka tura ta tsarin nan take sun tashi daga kimanin Naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa tiriliyan 600 a 2023, ƙarin kashi 55 cikin ɗari ke nan. Ɗalibai da yawa sukan tsaya a nan su yi shelar gagarumin ci gaba. Amma a watan Disamban 2023 hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 cikin ɗari, a shekarar ne kuma aka saki farashin Naira a kasuwar canji. Idan aka cire tasirin tsadar kaya, ƙarin na haƙiƙa bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba. Ci gaba ne babu shakka, sai dai bai kai rabin abin da aka yi shela ba. Wanda ya karanta tattalin arziki bai kamata ya kwatanta Nairar bara da ta bana ba tare da ya yi wannan gyara ba.

Haka nan yawan asusu ba shi ne yawan mutane ba, tun da mutum ɗaya yana iya riƙe asusu huɗu ko biyar. Adadin BVN ya fi kusa da gaskiya. Jimillar kuɗi kuma tana iya kumbura saboda manyan kamfanoni ƙalilan, don haka yawan lokutan da aka tura kuɗi ya fi nuna shigar talaka cikin tsarin. Bugu da ƙari, matsakaicin ƙasa yana ɓoye bambancin yankuna. Binciken EFInA na 2023 ya gano cewa kashi 26 cikin ɗari na baligan ƙasar nan ba sa amfana da kowace irin hidimar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya doshi rabi. Manufar ƙasa da aka ƙaddamar a 2012 ta yi alkawarin sauko da adadin daga kashi 46.3 na 2010 zuwa kashi 20 kafin 2020, ba a kuwa cimma hakan a kan lokaci ba. Rahoton Findex na Bankin Duniya na 2021 ya ce kashi 45 cikin ɗari na baligan Nijeriya ne ke da asusu. Idan ɗalibi ya ga alƙaluman hukumomi biyu sun saɓa, aikinsa ne ya duba shekarar kowanne da ma'anar da kowanne ya bai wa kalmomin, ya kuma bayyana wa mai karatu.

Gani ya kori ji

Alƙaluman ƙasa suna faɗin abin da ya faru, amma dalilinsa a bakin mutane yake. Ɗalibin da ya zauna da 'yan kasuwa 30 da masu POS 10 ya yi musu tambayoyi iri ɗaya, ya rubuta amsoshin da aminci, zai fito da abin da babu shi a kowane littafi. Zai ji yadda alat na bogi ya sa mai shago ya daina sakin kaya sai ya duba asusunsa, da yadda matar da ke sana'a a cikin gida take amfani da asusun ɗanta ko na mijinta, da dalilin da ya sa adashi bai mutu ba, sai ma zubinsa ya koma ta waya. Hausawa mazauna Sabo a Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Legas, waɗanda a da sukan ba direban babbar mota saƙon kuɗi ya kai gida, su ne suka fi kowa sanin abin da ya sauya da abin da bai sauya ba.

Irin wannan aiki yana da ladubbansa. Ba a tambayar mutum lambar BVN ko lambar asusu ko yawan abin da ke ciki, ba a kuma rubuta sunansa a takarda. Ya kamata a nemi izinin shugabannin kasuwa, a bayyana manufar binciken, a yi tambayoyin da harshen da mutum ya fi ji. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan ɗalibi kamar yadda ta hau kan banki. Har ila yau, wajibi ne ya faɗi iyakar aikinsa: mutum 40 a kasuwa ɗaya ba su ne Nijeriya ba, faɗin hakan kuwa ƙara wa takarda daraja yake yi.

Mai neman abin koyi ba sai ya je nesa ba. A lokacin farin shekarar 2010, masaniyar tattalin arziki Jenny Aker da abokan aikinta sun bibiyi rabon tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, inda wasu suka karɓa a hannu, wasu kuma ta waya. Sun gano cewa waɗanda suka karɓa ta waya sun rage ɓata lokacin tafiya da jira, abincin gidajensu kuma ya fi bambanta. A Kenya, inda aka fara M-Pesa a 2007, binciken Tavneet Suri da William Jack na 2016 ya ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje 194,000 daga ƙangin talauci. Ɗalibi ba shi da kuɗin yin aiki mai girman waɗannan, amma yana iya koyon abu ɗaya daga gare su: kowannensu tambaya ɗaya ya yi, ya kuma kwatanta rukuni da rukuni.

Game da ra'in da za a ɗora aiki a kai, kusan kowace takarda takan ɗauko na Fred Davis na 1989, wanda ke cewa mutane sukan karɓi sabuwar fasaha idan suka ga tana da amfani kuma tana da sauƙi. Ra'i ne mai kyau a muhallinsa, sai dai an gina shi ne a kan ma'aikatan ofis da aka ajiye wa kwamfuta a gabansu. Manomin da ke tafiyar kilomita da dama kafin ya sami sabis, ko wanda ba ya karanta saƙon Turanci, matsalarsa ta tsadar mu'amala ce: kuɗin mota, lokacin jira, ladan wakili da haɗarin asara. Wannan ma'auni ne da ɗalibin tattalin arziki ya riga ya koya a aji, kuma ya fi dacewa da yanayin ƙasar nan.

Uzurin da ake bayarwa

Wasu za su ce wannan buri ya yi yawa ga aikin da makinsa bai taka kara ya karya ba, ga ɗalibin da ke ɗauke da darussa takwas ko tara, ga tsadar data, ga ɗakin karatun da ya daɗe bai ga sabuwar mujalla ba. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan uzuri. Sai dai idan aka duba, ƙaramar tambaya ta fi babba araha. Rahotannin da aka ambata kyauta ne, kasuwa tana bayan makaranta, kuma shafi 10 na abin da mutum ya gano da kansa ya fi sauƙin karewa a gaban malami fiye da shafi 40 na abin da bai fahimta ba.

Wani sabon haɗari shi ne na manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta takarda cikin daƙiƙa. Suna da amfani wajen bayyana kalma mai wuya ko gyara tsarin jimla, amma an sha kama su suna ƙirƙiro sunayen marubuta da alƙaluman da babu su. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Duk adadin da ɗalibi bai gan shi a asalin rahotonsa ba, bai kamata ya shiga takardarsa ba.

Malamai ma suna da nasu rabon alhakin. Malamin da ya bayar da take mai faɗin teku, ya kuma auna takarda da yawan shafuka, shi ya buɗe ƙofar kwafe. Zai fi kyau a bukaci kowane ɗalibi ya kawo shafi ɗaya a mako na biyu, mai ɗauke da tambayarsa, da wurin da zai yi aikin, da tushe uku da ya riga ya duba, kafin a ba shi izinin ci gaba. Su kuma Babban Banki da NIBSS, zai taimaka ƙwarai idan suka riƙa fitar da alƙaluman hada-hada jiha-jiha cikin tsarin da kowa zai iya ɗauka ya yi lissafi da shi, domin ta haka ne za a san ainihin inda aka bar jama'a a baya.

Ga ɗalibin da aka ba wannan batu a wannan zango, tsarin aikin a bayyane yake. Makonni biyu na farko na karatu ne da tsayar da tambaya. Uku na gaba na tattara alƙaluma da zuwa kasuwa, biyu na lissafi da kwatance, sauran kuma na rubutu da gyara. Gabatarwa ita ce ta ƙarshe da za a rubuta, domin sai an san abin da aka gano ake sanin abin da za a gabatar. Shawarwarin da za a bayar su fito daga cikin sakamakon, a kuma ambaci wanda ake nufi da su, ko banki ne, ko kamfanin waya, ko ƙungiyar 'yan kasuwa.

Harkar banki ta intanet a Nijeriya ta girma fiye da ilimin da ake da shi game da ita. Ana tura tiriliyoyin Naira a kowane wata, amma har yanzu bayani kan yadda abin yake shafar mai sayar da albasa, ko mai ɗinki, ko makiyayin da ya kawo shanu kudu, bai taka kara ya karya ba. Dubban ɗalibai ne ke rubutu kan wannan batu a kowace shekara. Da kowannensu zai amsa ƙaramar tambaya ɗaya da gaskiya, da masu tsara manufofin kuɗi sun sami abin dubawa kafin su sake yanke shawarar da za ta taɓa aljihun kowa.